Za Mu Mutu, Sai a Jira Habila

Ranar Talata 18 ga Nuwamba, 1986, da hantsi, ina gona ina tsinkar auduga aka zo aka ce min yayana Habila ya rasu a asibitin Malumfashi. Na zauna a kan kunyar gonar, na rasa kuka. Abin da ya fara zuwa raina haushi ne, Yaya, ba zan ɓoye maka ba, domin ko a raye ban saba ɓoye maka ba. Sau nawa aka ce ka ajiye ƙahon nan ka hutar da ƙirjinka?

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Dorkas, ƙanwarsa, mai ba da waƙa a majami'armu da ke wani ƙauye kusa da Dayi. Shi kuma shi ne mai busa mana ƙahon ƙarfe mai maɓallai uku, wanda ya koya a makarantar mishan. A ƙuruciyarsa, in ya busa da safiyar Lahadi, har masu zuwa kasuwa sai sun tsayar da jakunansu.

A 1972 ka daina, kuma ni ce sanadi. Amininka Malam Maiwada ya aurar da ɗansa, ka je ka busa musu don zumunci, jama'a suka yi ta liƙa maka kuɗi a goshi. Da ka dawo na ce maka a gaban mutane, "Ashe gidanmu ya samu maroƙi." Ka rataye ƙahon a cikin rumbu, ka ce ba ka sake taɓa shi sai wadda ta kira ka maroƙi ta zo ta roƙe ka. Shekara goma sha ɗaya muna wannan ja, kai da taurin kai, ni da girman kai. A cikin shekarun nan kai kake huɗe min gona da shanunka kafin ka taɓa taka. Kai ka ɗauki mijina a keke zuwa Malumfashi ranar da maciji ya sare shi. Komai kana min, ban da busa.

Kirsimetin 1983 na ƙaratowa Mama ta kwanta ciwo, ta ce ba ta so ta tafi ba ta sake jin ƙahon ɗanta ba. Na haɗiye girman kaina na durƙusa a ƙofar ɗakinka. Ka bar ni a durƙushe har ka gama cin tuwonka, sannan ka ce, "To, yau wane ne maroƙin?" Da aka sauko da ƙahon, zanzaro ya yi gida a cikinsa. Kwana biyu kana ƙwaƙule shi da tsinke kana shafa wa maɓallan man keke.

Mama ta ji busarka, ta yi murmushi, bayan wata guda ta tafi. Mu kuma aka bar mu da kai.

Gaskiya ɗaya ce, Yaya, ƙahon ya dawo amma numfashin bai dawo ba. Tari ya riga ya ci ƙirjinka. Akwai waƙar da Baba Maitama, tsohon mai wa'azinmu, ya tsara mana, wadda amshinta ke cewa, "Za mu mutu ba tsoro." A numfashi ɗaya ake rera ta, haka ya koya mana. Kai kuwa da ka kai "za mu mutu" sai iska ta ƙare maka. Sai ka sauke ƙahon, ka ja numfashi, ka lashi leɓe, sannan ka ci gaba. Ikilisiya duka, da yake ƙaho ya fi muryata ƙarfi, sai ta tsaya tare da kai. Kowace Lahadi mutum ɗari da wani abu su miƙe su shaida wa Ubangiji cewa za su mutu, su yi tsit suna kallon Habila. Baƙin da suka zo mana daga Danja sun koma suna ba da labarinmu. Na yi ta kaɗa hannu, na yi ta zare ido, a banza.

Bara dattawan ikilisiya suka kira ni suka ce ni ce jininka, in je in lallashe ka ka bari. Ma'aikaciyar asibiti ma ta ce busar nan tana ƙara maka ciwo. Na zo na same ka a gindin ɗorawa kana goge ƙahon, na shirya maganata tsaf. Kafin in buɗe baki ka ce, "Dorkas, sau ɗaya kika hana ni, na yi asarar shekara goma sha ɗaya. Yanzu ba ni da wasu sha ɗayan da zan ba ki." Na ce, "To ai sai ka riƙa jan numfashin kafin amshi, Yaya." Ka ce, "A wurin ya fi daɗi. Bari su ɗan ji ta a jikinsu." Na dawo na gaya wa dattawa ban same ka a gida ba. Allah ya gafarta min wannan ƙaryar. Har yau ina tambayar kaina ko da na dage da kana nan, kuma na san amsar da za ka ba ni, shi ya sa haushin bai wuce ba.

Ranar Laraba muka kai ka makwancinka. Malam Maiwada da 'ya'yansa su suka fara saran kabarin tun da sassafe. Fasto ya ce in ba da waƙar Baba Maitama. Na ce a raina, yau dai babu ƙaho, za a rera ta yadda aka tsara ta. Na ɗaga hannu, muka shiga amshi, muka ce "za mu mutu." Sai kowa ya tsaya. Ba wanda ya shirya hakan. Maza da mata, a bakin kabarinka, muna jiran ka ja numfashi. Ni da na shekara uku ina faɗa da wannan shirun, ni ma bakina a rufe yake. Ban san iya tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Matarka Salome ce ta ƙarasa mana, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ba tsoro."

Ka ci nasara, Yaya, kamar kullum. Na gaya wa mawaƙa daga yau a haka za a riƙa rera ta.

Ubangiji ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya ba ka hutawa, ya yafe maka kurakuranka, ya yafe min kalmar da na jefe ka da ita. Ina yi wa Salome ta'aziyya, da 'ya'yanku Luka da Atu, da Malam Maiwada, da dukan ikilisiyarmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa in tamu ta zo mu iya ƙarasa amshin. Amin.