Mijina Ya Datse wa Naman Kaza Gindi

A garin Jugu na tashi, kuma wata tsohuwa 'yar ƙauyen Kolokonde da ke kasa doya a ƙofar gidanmu ita ta koya mini sanin naman kaza. Ba ta kallon hularsa sam. Tonowa take yi ta duba gindin. Mai doguwar jela da ke nutsewa cikin suri, wannan na miya ne. Akwai wani fari mai kama da shi sak, mutane da yawa ba su san shi ba, gindinsa na zaune cikin 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai. Wannan kashewa yake yi.

Daminar da 'yata ta fari ke da ciki, ta dawo gidanmu a unguwar Ganu, nan Paraku, ta rame ƙwarai. Kome ta ci sai ya dawo. Miyar naman kaza kawai take ambato.

Ran nan sai ga babanta, mahauci ne, ya dawo daga kasuwar shanu da leda cike da naman kaza, yana washe baki. A kurmin bakin hanyar Jugu ya gani. Na zazzage a tire, sai na ga ya bi kowanne da wuƙa ya datse gindin tas, yadda yake gyara tsoka.

"Malam, ina gindin?"

"Na zubar mana. Ƙasa za ki dafa?"

Na ce wallahi ba zai shiga tukunyata ba. Yarinya ta fashe da kuka, shi kuma ya ce iyayina ya yi yawa. Raina ya ɓaci, amma ban janye ba. Na ɗauki mayafi na ce ya ta da babur ya kai ni inda ya samo.

A kurmin na durƙusa kusa da wani suri ina tone guntayen da ya bari. Jela, jela, jela. Har ya fara yi mini dariya. Na matsa gindin wata bishiyar doka, nesa da surin, na tono uku a jere, kowanne cikin jakarsa. Na ɗora masa a tafin hannu, na tambaye shi.

"Waɗannan ma suna cikin ledar?"

Ya ce e. Can ya tuna a tsakar gida muka bar tiren, ga yarinya da yunwa, ga murhu a kusa. Sau huɗu yana taka babur ƙafarsa na zamewa.

Mun same ta ta yanka albasa, tana hura wuta.