Layin da Malam Ya Bari a Buɗe

Baƙuwar nan da ta cinye lambun tsohuwa, ta dawo ko ba ta dawo ba? Ina yarinya na tambayi kakata, ba ta amsa ba. Ga shi na yi furfura a unguwar Edmonton ta London, na binne mijina, har yau ban sani ba. Ni ban san baƙi ba, ban iya rubutu ba. 'Yata Zainabu ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

A ƙauyenmu, lokacin sanyi, Kaka kan hura wutar kara a tsakar gida bayan an ci tuwo. Mukan kewaye ta, gabanmu ɗumi, bayanmu ɗari. Tana tura gyaɗa cikin toka, ba ta fara tatsuniya sai kowa ya yi shiru.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," in ji ta.

Mu ce ta zo, mun share mata wuri.

Wai wata tsohuwa ce ba ta da komai sai ɗan lambun ganye a bayan ɗaki. Ran nan wata koriyar tsutsa ta yi sallama, ta roƙi ganye ɗaya. Tsohuwa ta ba ta. Washegari ta roƙi wani. Haka har lambu ya koma kamar rariya. Da ta ƙoshi, sai ta hau bango, ta naɗe kanta da likkafanin da ta saƙa, ta yi shiru. Tsohuwa ta zauna tana kuka, ba ta san ko ganyenta take wa ko baƙuwarta ba. Wata safiya likkafani ya tsage, baƙuwa ta fito fara fat da fukafukai, ta tashi ta haye katanga, ko waiwaye babu.

Nan Kaka ta tsaya, ta shiga ɓare gyaɗarta.

"To, Kaka, ta dawo? Ta kawo mata zinariya?"

"Ji kwaɗayi. Ke ƙawata, komai sai an biya ki? Tashi ki kwanta, in kun haɗu kya tambaye ta."

Na kwana ina jin haushin tsutsar nan.

Da muka zo London, Malam, mijina, ya samu ɗan fili na council, wato ƙaramar hukuma, a bayan layin jirgi. Can yake wuni bayan ya bar tuƙin bas. Kabeji yake shukawa. Da zarar gari ya yi ɗumi sai fararen malam-buɗe-littafi su zo su yi ƙwai a ƙarƙashin ganye, ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta kama ci. Maƙwabtansa na sayen raga su rufe shukarsu. Shi kuwa tsohon gidan sauronmu da muka zo da shi daga Kano ya yanka ya shimfiɗa. Amma kullum sai ya bar layi ɗaya na bakin katanga a buɗe.

"Malam, tsutsa kake nomawa?"

"Hajiya, mu da muka zo ƙasar mutane muka ci, wa ya rufe mana raga?"

"Ai mu da guminmu muka ci."

"Su ma ba ki ga yadda suke aiki ba," ya ce yana dariya.

Bana ya dasa, ko wata bai yi ba ciwo ya kwantar da shi. Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba, Zainabu ce ke zuwa ban ruwa. Wata rana ta shigo da wayarta, ta nuna mini hoto: layin nan ya yi baƙi da kashin tsutsa, ganye duk huji.

"Mama, bari in fesa musu magani. Na ƙarshe ke nan da Baba ya dasa da hannunsa."

Gaskiya ta faɗa. Babu sauran abin da zai fito daga hannun nan, kuma za a karɓe filin a ba wani. Na so in ce ta fesa, na so ƙwarai. Na yi kuka har ta tsorata, sannan na ce ta bar su.

Da na fita takaba sanyi ya fara. Muka hau bas muka je. Kabejin cikin raga sun yi kai, manya. Layin ɗaya kuwa sai jijiyoyi tsaye. A bangon 'yar rumfarsa na ga tsutsotsin, rataye a jere, kowace cikin likkafaninta, suna jiran ɗumi. Na zauna a kan bokitinsa. Ranar na daina jin haushin tatsuniyar Kaka: ashe ba labarin lada ba ne, labarin wadda aka bari ne a tsakar gida tana kallon katanga. Na ciyar da mutumin nan, ya ciyar da ni, ya tashi fari fat, ban kuma iya cewa ya tsaya ba.

Mun roƙi wanda zai gaji filin kada ya kankare bangon sai bazara. Ya ce to. Ko zai cika, Allah ya sani.

Ranar da za a tafi da Malam asibiti ina ɗaura masa takalmi, ya dafa kaina. Na zaci zancen yara zai yi, ko na gida.

"Hajiya," ya ce, "layin bakin katanga ba namu ba ne. Ki bar musu."