Sallahun da Sailuba Ta Buɗe

Duk ɗan Nijeriyar da ya zauna a Riyad a shekarun 1980 ya san Sista Sailuba Talle, ko da matarsa ba ta taɓa haihuwa a hannunta ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. A Zariya ta koyi aikin ungozoma, ta biyo mijinta Injiniya Lurwanu a farkon 1980, suka kama gida a bene na biyu a unguwar Murabba. Duk ranar Alhamis shi ke kai ta kasuwar kayan gwari ta Aziziya, yana tsaye yana duba agogo, ita tana juya tumatir ɗaya bayan ɗaya kamar tana duba jarirai.

Amma abin da aka fi saninta da shi, ɗaukar sallahu ne. A lokacin, wasiƙa ta gidan waya takan yi mako uku a hanya, wata ma ba ta isa, don haka duk mai tafiya sai an cika masa jaka da saƙonni. Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani ba tare da an rubuta ta ba: sallahu a buɗe ake bayar da shi. Mai ɗauka yana da haƙƙin ya ga abin da zai ratsa filin jirgi da shi, domin shi za a tsare, ba mai saƙon ba. Sailuba ce kaɗai ta saɓa wa wannan. Idan ka miƙa mata ambulan a buɗe, sai ta manne shi a gabanka kafin ta sa a jaka. Wasu suka ce tawakkali ne, wasu suka ce sakaci. Lurwanu, wanda ya san dalili, bai taɓa tanka wa kowa ba.

Dalilin ya faro ne daga wata nas mai suna Marama, wadda suka fara aiki tare a ɗakin haihuwa a wata ɗaya. Daga Niyu Zilan ta zo. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, wankan tarwaɗa, mai dariya da dukan jikinta. Matan Larabawa sukan kira ta Maryam, su tambaye ta ko 'yar Filifin ce, ita kuma ta ce a'a, 'yar Mawori ce, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Da tsakar rana su biyun sukan zauna a ɗan ɗakin da ke bayan wurin wanke kayan aiki su ci abinci. Marama ta koyi cin tuwo da miyar kuka da hannu, tana cewa launin miyar ne kawai abin tsoro. A nan ta ba Sailuba labarin gonar kakanta da ke bakin teku, wadda hukuma ta karɓa lokacin yaƙi da sunan aro, kakan ya mutu yana rubuta takardun neman a mayar masa.

A tsakiyar 1981 wasiƙun Marama suka fara zuwa da yankakkun jaridu a ciki. An gayyato 'yan wasan zari-ruga na Afirka ta Kudu zuwa ƙasarsu, alhali duniya na ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata, sai jama'a suka fito zanga-zanga gari-gari. Mawori da yawa suna sahun gaba, suna cewa a duba wariyar da ke cikin gida ma. Yayanta Wiremu, mai aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya sha kulki har ya rasa haƙora biyu. Marama ta shimfiɗa hoton a kan teburi, ta daɗe tana kallo. Ta ce 'yan uwanta suna kan titi, ita tana nan cikin abaya, daga motar asibiti zuwa masaukin nas-nas na Nasiriya, a garin da ko mutum huɗu ba sa tsayawa su ɗaga murya. Abu ɗaya ya rage mata, ƙuri'arta, kuma zaɓe na zuwa a ƙarshen Nuwamba.

Ta yi wa Sailuba bayani da cokula a kan teburi. Rajista biyu ce a ƙasarsu, ta kowa da kowa, da ta Mawori mai kujeru huɗu kacal a majalisa. Ita ta zaɓi ta Mawori, ko da wasu na cewa kujeru huɗun ƙuntatawa ce kawai. Abin da ke hana ta sukuni shi ne wanda za ta zaɓa. Mahaifinta tun yana saurayi jam'iyyar ma'aikata yake bi, a gidansu kamar gado ce. Ga kuma wata sabuwar jam'iyya ta Mawori zalla, ƙarama, wadda tsohon ke kira taron masu fushi. Makonni Marama tana juya abin. Da Sailuba ta tsokane ta da tambayar ina ta tsaya, sai ta ɗora yatsa a leɓe, ta ce wannan ko mahaifinta ba zai sani ba.

Sailuba ta yi dariya, ta ce ashe Inna Kyauta tana da 'yar uwa a ƙarshen duniya. Inna Kyauta mahaifiyarta ce, mai tuyar waina a Tudun Wada. Tun kafin a haifi Sailuba take zuwa taron siyasa, har 'yan doka suka taɓa kulle ta kwana uku saboda ta ce mata ma a ba su ƙuri'a. Ba ta samu ta zaɓi shugaban ƙasa ba sai 1979, kanta ya yi fari. Ranar ta ɗaura zanen da take ajiye wa biki, ta ƙi wanke tawadar babban yatsanta har washegari. Da mijinta ya tambaye ta wa ta dangwala wa, sai ta ce tsakaninta da akwatin ne. Marama ta so labarin nan ƙwarai. Sau uku ta sa aka maimaita mata.

Takardun zaɓen sun iso wa Marama a makare, saura kwana tara. Dole a mayar da su ofishin ƙasarsu da ke Landan kafin a rufe, gidan waya kuwa ba zai kai ba. Sailuba ce da bakinta ta ce kamfani zai tura Injiniya Landan ranar Jumma'a da safe, a kawo ya tafi da shi. Ranar Alhamis, kafin su tashi aiki, Marama ta miƙa mata ambulan mai ruwan ƙasa, a manne, da sa hannunta a baya. Ta ce idan ya isa a buɗe ba za a ƙirga ba. Sailuba ta ce to.

Ta tarar da Lurwanu yana haɗa kaya, an jera sallahun mutane a kan gado, duk a buɗe. Ya ɗauki na Marama, ya juya shi, ya ɗaga shi wajen taga, ya tambayi abin da ke ciki. Da ta faɗa masa, sai ya ajiye a hankali.

“Sista, takardar siyasa kika kawo mini a manne?”

“Ƙuri'a ce kawai, Injiniya. Takarda ɗaya.”

“Kin gani da idonki?”

Ba ta gani ba. Lurwanu ba mugun mutum ba ne, kuma bai ɗaga murya ba. Ya tuna mata wata biyu ya yi yana bin kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, kafin a ba shi fasfonsa da izinin fita, kuma mai koren fasfon Nijeriya sai an zazzage jakarsa nan da can. Ya ce ko yayansa ne ya ba shi abu a rufe ba zai ɗauka ba. Amma idan ya ga takarda ɗaya ce da idonsa, zai kai ta har ƙofar ofishin da ƙafarsa. Ya ɗauki hularsa ya tafi sallar la'asar.

Sailuba ta zauna da ambulan a cinya. Masaukin su Marama ba a samun su ta waya, ita ba ta da halin fita ita kaɗai, jirgi kuma da safe ne. Sai ta tuna yadda 'yan makarantar kwana ke buɗe wasiƙa da tururi su mayar kamar ba a taɓa ba. Ta dubi hannayenta, waɗanda ke ɗinke mace ba a ga tabo. Ta ɗora butar shayi.

Da farko bakin ambulan ɗin ya fara ɗagowa lafiya. Sai tururin ya taru, tawadar sa hannun Marama ta narke ta malalo, takardar ta yi laushi ta yage daga kusurwa zuwa tsakiya. A ciki akwai wani ƙaramin ambulan, shi ma ya jiƙe ya saki baki. Tun da an riga an zo nan, ta zaro takardar don Lurwanu ya gani. Ba ta yi niyyar karantawa ba, amma idonta ya riga ta. Sabuwar jam'iyyar Marama ta zaɓa.

Da Lurwanu ya dawo ya tarar da ita tana ƙoƙarin busar da ambulan da dutsen guga, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce wannan ko ya kai ba za su karɓa ba, ta gaya wa baiwar Allah gaskiya ranar Asabar. Ta ce to.

Ranar Asabar Marama ta tare ta tun a bakin motar asibiti, ta tambaya ko Injiniya ya tashi. Sailuba ta ce ya tashi. Ai ya tashi ɗin. Marama ta rungume ta a gaban direba, ta ce yau za ta yi barci. Daga baya ta aika wa Lurwanu kyautar alƙalami mai kyau. Ya sa shi a saman kabad, bai taɓa rubutu da shi ba.

Sakamako ya fito, gwamnatin da Marama ke fushi da ita ta koma da ƙyar, sabuwar jam'iyyar ba ta samu kujera ko ɗaya ba. Sailuba ta ɗan ji sauƙi, ta ce a ranta ƙuri'a ɗaya da ma ba za ta canza komai ba. Sauƙin bai wuce mako biyu ba. Wiremu ya aiko da adadin ƙuri'un da jam'iyyar ta samu a mazaɓarsu, Marama ta yanke wurin ta manna a cikin ƙofar lokarta, ɗan kabad ɗin ajiye kayanta na asibiti. Ta nuna wa Sailuba lambar ƙarshe da farce, ta ce wannan tata ce, ba don ita ba da lambar ta ragu da ɗaya. Lokar Sailuba tana jikin tata. Kullum da safe sai ta ga takardar.

Wata goma sha ɗaya ambulan yana cikin aljihun keken ɗinkinta, ƙarƙashin zare. Ta riƙa karɓar wa Marama aikin ranar hutu ba a roƙe ta ba, tana ƙara mata nama a miya. Sau uku ta buɗe baki za ta faɗa, sau uku ta ƙare da tambayar ko gishiri ya ji. Duk lokacin da Marama ta yi maganar mahaifinta, tana cewa har yau yana zaton ta bi layin gida, sai Sailuba ta sunkuyar da kai, domin ta riga ta san abin da ba a ba ta ba. Wasiƙunta ga Inna Kyauta ma suka gajarce. Ta kasa rubuta sunan Marama a ciki.

A Oktoban 1982 kwangilar Marama ta ƙare. Ranar ƙarshe da azahar, a ɗan ɗakin nan, Sailuba ta ajiye ambulan a kan teburi kusa da kwanon tuwo. Ya yamutse, da shatin guga a jiki. Ta faɗi komai tana kallon teburin, ba ta sa sunan Lurwanu fiye da yadda ya kamata ba.

Marama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta taɓa wurin da sa hannunta ya narke.

“Kin ga wanda na zaɓa?”

“Na gani.”

“Ke kaɗai ke nan. Masu ƙirga ba su gani ba.”

Ta tashi ta buɗe lokarta, ta ɓamɓare 'yar takardar nan, ta haɗa da ambulan ta sa a jakarta. Can ta ce, ba da zafi ba, da an faɗa mata ranar Asabar ɗin, akwai wata nas da ta tafi Landan ranar Litinin, ƙila da ta roƙi a ba ta wata takardar, ƙila kuma da ba a ba ta ba, amma da ta gwada. Sannan ta tambaya ko Inna Kyauta tana nan lafiya. Sailuba ta ce tana nan. Marama ta ce a gaishe ta. Ba ta ci tuwon ba.

Da motar filin jirgi ta zo, Sailuba ta riƙe mata ƙaramar jaka har bakin ƙofa. Marama ta zaro wata wasiƙa, ta ce ta ban kwana ce ga shugabar ɗakin haihuwa da ke hutu, a ba ta idan ta dawo. Ta miƙo ta, bakin ambulan ɗin a ɗage.

“Na bar shi a buɗe,” in ji ta, “kada ki wahala.”

Sailuba ta nemi murmushi a fuskarta ba ta samu ba, ba ta kuma ga ƙiyayya ba. Direba ya ce yalla, a tafi, aka rufe ƙofa. Tana nan tsaye cikin rana har motar ta sha kwana. Sannan ta kawar da idonta daga takardar, ta lashi bakin ambulan ɗin, ta danne shi da babban yatsa har ya kama.