Wankan Jegon Aina'u a Gidan Inna Turai

Inna Turai takan bar gida da an idar da sallar asuba. Ƙauyensu yana bayan Rijiyar Zaki, tsakanin gonakin gero da wake, kuma hanyar da take bi zuwa jami'a 'yar siririya ce irin ta masu zuwa gona. Da damina sai ta cire silifa ta riƙe a hannu saboda taɓo, ta wanke ƙafa a famfon bakin ƙofa. Kafin ɗalibi na farko ya leƙo Sashen Turanci ta share baranda, ta goge allo, ta zaƙulo ledojin ruwa da ɓawon gyaɗa da aka cusa ƙarƙashin benci. Ta yi sama da shekara ashirin a haka. Ƙarshen wannan watan za ta ajiye aiki.

Duk shekara sashen yana taron karrama ɗalibai. A ba wanda ya fi kowa maki kyautarsa, a ba wadda ta fi iya rubutu tata, sannan a sanar da waɗanda za su ci gaba da samun tallafin karatun da tsofaffin ɗalibai suka kafa don 'ya'yan marasa ƙarfi. Inna Turai ce ke goge kujerun da baƙi za su zauna. Ba a taɓa kiran sunanta ba, kuma ba laifin kowa ba ne, tunda kyautar ta masu karatu ce, ita kuwa ba ta yi ba. Sai dai akwai kyaututtukan da suka biyo ta hannunta kafin su isa ga masu su, kuma mu mata masu goyo da muka zauna a sashen nan mun san su.

Kada wani ya zaci tsohuwa ce mai yawan fara'a. Ba haka take ba. In kika kawo mata jariri ba hula, sai kin sha faɗa kafin ta karɓe shi. Nazira, wadda yanzu take koyarwa a wata sakandare, ta ce ranar farko da ta tsaya a ƙofar aji da 'yarta tana tsala kuka, malami na ciki, Inna Turai ta zo ta zare yarinyar daga hannunta ba ko sallama, ta ce mata ta shige, mutum ba ya rubutu da hannu ɗaya. Da ta fito ta tarar da yarinyar ta yi barci a baya, tsohuwa tana ta shara. Nazira ta ɗauko abin hannu za ta ba ta. Tsohuwar ta ce ta mayar, ta je ta sayi zani mai kauri, wannan da take goyo da shi ko kaza ba zai riƙe ba.

Irin wannan yana da yawa. Amma labarin Aina'u shi ne wanda ya kamata a rubuta.

Aina'u 'yar Zakirai ce. Mahaifinta manomi ne, mijinta Zubair yana awo a rumfar wani a kasuwar Dawanau. Da tallafin sashe take karatu, kuma sharaɗinsa a bayyane yake: duk wanda ya bar wata jarrabawa bai zauna ba, tallafin ya koma kan na bayansa. Za a iya ɗage mata karatun zuwa baɗi, amma tallafin ba ya jira, kuma in babu shi babu dawowa. Kowa a gidansu ya san haka.

Tana aji uku ta samu cikin fari. Asibiti sun ce sai bayan jarrabawa za ta haihu, yaro kuma ya yi nasa lissafin. Ta je Zakirai ganin gida naƙuda ta kama ta can. Aka yi suna, yaro ya ci sunan Mika'ilu, jarrabawa saura 'yan kwanaki. Mahaifiyarta, Inna Maijidda, ta ce mai jego ba ta taka waje sai ta yi arba'in, balle da damina, balle haihuwar fari. Ba taurin kai ba ne kawai. Ƙanwar ita Maijidda ta kumbura a cikin jego ta rasu, mutane suka ce sanyi ne ya shige ta don an yi wasa da wanka, kuma a hannun Maijidda ta cika. Zubair ya zo da niyyar magana, da ya durƙusa gaban surukarsa sai ya ƙare da gaisuwa ya tashi.

Nazira ce ta gaya wa Inna Turai, a tsaye, tana wucewa. Ranar Asabar tsohuwar ta sayi sabulu da ɗan yaji, ta hau mota zuwa Zakirai, garin da ba ta taɓa zuwa ba, ta yi tambaya har aka nuna mata gidan. Ta yi barka, ta ɗauki jariri ta duba, ta ci tuwon da aka kawo mata, suka yi hirar damina da tsutsar da ta shiga masara. Sai da Maijidda ta gaji da jira ta ce ta san abin da ya kawo baƙuwar, kuma kada ta wahalar da bakinta.

"Ba jarrabawa na zo roƙo ba," in ji Inna Turai. "Ni me na sani a jarrabawa? Wanka na zo roƙo. Ki ba ni wankan, ni zan yi."

"Ke wa kika taɓa wankewa?"

"Nawa da na maƙwabta. Duk suna nan suna cin tuwo."

Sun daɗe a kai. Maijidda ta tambayi inda gidan yake, ko akwai rijiya, ko akwai namiji baligi a ciki, wa zai sayi itace. Inna Turai ta ce mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ɗakin da suka bari yana nan ba ya yoyo. A ƙarshe Maijidda ta gindaya sharaɗinta. Wanka safe da yamma, ba fashi ko na rana ɗaya. Ruwan sama kada ya taɓa ta. Ruwan sanyi kada ya shiga bakinta. In aka saɓa, ta ce, ita da baƙuwar sai a gaban Allah. Inna Turai ta ce ta ɗauka. Da haka Aina'u da jaririnta suka koma gidanta.

Duk wadda ta yi jego ta san aikin da ke cikin wannan alkawari. Ruwa garwa guda za a ja a rijiya a tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a yi ta yarfa wa mai jego, a gasa wa jariri cibiya, a dama kunu, sannan da yamma a sake. A gida mata biyu ko uku ke raba shi. Inna Turai ita kaɗai ta yi, ga shara tana jiranta. Takan ɗora ruwa kafin kiran salla, ta gama wanka gari na wayewa, maƙwabcinta Basiru ya kwashe su a adaidaita sahu har ƙofar sashe, an rufe labule. Aina'u ta shiga ɗakin jarrabawa da safa da rigar sanyi, Mika'ilu ya koma bayan tsohuwa. In ya nemi nono ta ba shi haƙuri da waƙa har uwarsa ta fito.

Abu biyu ta yi ba yadda aka saba ba. Ba ta yarda ruwan ya kai zafin da ke saɓule fata, sai ta surka ta gwada da gwiwar hannu. Kanwa kuma kaɗan take sa wa kunu, don ta ji malaman asibiti suna hani da yawanta. Ba ta ɓoye wa Aina'u ba, ta ce in uwarta ta tambaya a faɗa mata gaskiya.

Wata safiya aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Iska ta yaye ledar da aka rufe itace da ita, duk ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa sai hayaƙi. Ranar ce kuma ake jarrabawar da Aina'u ta fi tsoro. Ta fito bakin ƙofa da jariri a kafaɗa ta ce a bar na safe, a haɗa da yamma, wa zai sani.

"Ni zan sani," Inna Turai ta ce. "Kuma uwarki za ta tambaye ni. Koma ciki kafin feshi ya same ki."

A zaure akwai karan dawa da ta tara tun kaka don gyaran dangarta. Shi ta kwaso ta yi ta turawa a murhu, dami bayan dami, har ruwa ya tafasa. Aka yi wanka cikakke. Sun isa ana raba takardu, Aina'u ta samu shiga da ƙyar. Ɗakin kuwa ba a share ba, ɗalibai suka zauna cikin dattin jiya. Nababa, shugaban masu shara, ya yi wa Inna Turai faɗa a gaban mutane, ya ce in renon jarirai take so ta buɗe gidan reno. Yana da gaskiyarsa, shi ma akwai mai tambayarsa. Ta ce ya yi haƙuri, ta ɗauki tsintsiya. Dangar ba ta gyaru ba a shekarar, awakin maƙwabta suka shiga suka cinye mata kuɓewa da rama.

Saura takarda biyu a gama sai ga Inna Maijidda da la'asar, ba aike ba waya. Wani ɗan Zakirai ya hango Aina'u a adaidaita sahu, magana ta cika gari cewa an bar mai ɗanyen jego tana yawo a birni. Ta zo ne ta tafi da 'yarta, ta ma ce wa direba ya jira ta a bakin titi.

"Ashe ke ce kika gudu da mijina," ta ce, tana zare Mika'ilu daga bayan Inna Turai.

"Shi ya biyo ni. Ya ce tuwon Zakirai ba gishiri."

Dariyar ba ta yi nisa ba. Maijidda ta ce Aina'u ta haɗa kaya. Aina'u ta tsaya riƙe da littafi, idonta ya ciko. Inna Turai ba ta yi musu ba, ba ta kuma ambaci jarrabawa ba. Ta ce ruwan yamma ya riga ya tafasa, ai ba a tafi da mai jego ba wanka, tunda uwa ta zo sai ta yi da hannunta. Ta surka yadda ta saba, ta miƙa mata ganye.

Maijidda ta tsoma hannu ta cire. "Wannan ai ruwan wanke kwano ne. Da shi kike wanke mini yarinya?"

"Da shi. Kanwar ma na rage. Ga ta nan, ki duba ta. In kin ga abin da kike tsoro, ni zan kai muku kaya bakin titi."

Maijidda ta zaunar da 'yarta a kan turmi. Ta danna ƙaurinta da yatsa ta jira ta ga ko zai lotsa. Ta danna ɗayan. Ta buɗe mata ido, ta dubi tafin hannu, ta sa ta yi numfashi ta saurara. Ta kware rigar jariri ta dubi cibiya. Ta daɗe tana wannan. Daga nan ta tashi ta ɗebo tafasasshe moɗa guda daga garwa ta ƙara a ruwan, ta ce haka ya fi. Inna Turai ta ce lallai haka ya fi. Aka aika a sallami direba.

Washegari da Inna Turai ta fito ɗora ruwa ta tarar wuta tana ci, Maijidda na zaune a bakin murhu. Ta kwana uku a gidan. Ranar takarda ta ƙarshe ita ta riƙe jikanta a baranda, tana kallon 'yan mata suna shige da fice, tana tambayar wannan 'yar wane gari ce. Da aka gama ta tafi da 'yarta Zakirai ta ƙarasa arba'in a can, kamar yadda ta so tun farko.

Tallafin bai bar hannun Aina'u ba. A taron shekarar aka kira ta har sau biyu, na tallafi da na wadda ta fi kowa maki a ajinsu. Inna Turai ba ta cikin zauren, tana waje da Mika'ilu don ba ya son ƙarar lasifika. Maijidda ma ta ƙi shiga. Aina'u 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta zauna a gaban jama'a ana yabonta. Suna zaune a kan dakali suka ji sunan ya fito, tafi ya biyo baya. Maijidda ta kau da kai ta tambaya wa aka kira.

"'Yarki," in ji Inna Turai.

"Taki dai," ta ce.

Inna Turai, ke ce uwar masu goyo, mai faɗa da baki mai rarrashi da baya. Ke ce kika ɗauki amanar uwa da ta ɗaliba a lokaci ɗaya, ba ki sauke ɗaya don ɗaya ta yi sauƙi ba. Ba ki ce al'ada banza ce ba, ba ki kuma ce karatu ya jira ba. Kin tashi kin ɗora ruwa. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da ta ido, ya sa 'ya'yan da kika goya su goya ki.

Ga sauranmu kuma magana ɗaya ce. A zangon da za a shiga akwai masu ciki a sashen, kamar kowace shekara, kuma wata a cikinsu za ta haihu ana gobe jarrabawa. Inna Turai ba za ta kasance a baranda ba. Duk matar da ke zaune kusa da makaranta, tana da ɗaki da murhu, ta sani aikin nan ba ya buƙatar takardar ɗauka. Ta je ta gaida uwar yarinyar, ta roƙi wankan.