Baba Tafasa da Ruwan da Ba Ya Ƙuna

Maƙwabcinmu Baba Tafasa ya ci sunansa. Tun yana saurayi aikinsa dafa ruwa a kicin ɗin wani asibiti, har gemunsa ya koma kalar tururi. Ko daga bayan ƙofa yake, da kunne yake gane tukunya ta kusa. Matarsa takan ce da zai saurare ta yadda yake sauraron buta, da tuni ta yi ƙiba.

Da aka sallame shi, zaman gida ya gagare shi, matarsa ma zamansa ya gagare ta. Sai surukinsa ya samo masa gadin wani ɗakin bincike, amma na gwaji: in ya yi daidai a riƙe shi, in ya yi ɓarna ya koma gindin katangarmu ƙirga kaji.

Mai ɗakin binciken wata malama ce mai tabarau. A tsakiyar ɗakin akwai tukunyar gilashi a rufe ruf, da faranti mai zafi a gindinta, da inji mai zuƙe iskar ciki, ga kyamara an kafa mata ido. Malama ta yi masa bayani cewa in iska ta ragu, ruwa yakan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, kuma girman kumfar da yawan tashinta take aunawa. Baba ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ko ɗaya bai shiga ba.

Ta fita, ya ja kujera ya zauna. Ruwa shiru. Can sai wata kumfa guda ta kumbura a kan farantin, ƙatuwa kamar ƙwallo, ta ɓalle ta yi sama. Shiru kuma, har ya fara gyangyaɗi, sannan wata ta biyo. A saninsa, tafasa ƙananan kumfa ce rututu masu rige-rige. Wannan kuwa gyatsa ce. Ya yanke cewa tukunyar numfashi ne ya gagare ta, don wa ya taɓa dafa ruwa murfi a liƙe? Ya murɗa ɗan famfon da ke gefe, iska ta shige da fito. Kumfa ta ɗauke gaba ɗaya. Da aka jima sai ga ruwa yana ɓararraka irin na mutane. Ya gyara hula.

Malama ta dawo ta tarar da aikin yini ya bi iska.

"Baba, me ka taɓa?"

"Gyara miki na yi, 'yata. Ɗazu rowar kumfa take yi."

Ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido. Washegari ta sake haɗa komai, da ƙatuwar kumfar ta tashi ta ce ya dafa gilashin da hannu. Ya dafa yana runtse ido. Ɗumi kawai, kamar ruwan wankan jariri. Ta ce wannan ma tafasa ce, kuma in hannunsa ya ƙara kusantar famfon, shi da aikin sai a lahira.

Ya dawo gida kansa a ɗaure, ya kasa gane wanda ya yi masa ƙarya, malama ko shekarunsa. Ya tarar da tukunyar matarsa tana ɓararraka. Ya tsaya ya ƙura mata ido. Sai ya tsoma yatsa, wai ya ji ko ita ma ta daina ƙuna.

Unguwa duk ta ji amsar.

"Malam, tsufa ne ko boko?" in ji matar, tana naɗe masa yatsan.

Yatsan da yake murɗa famfo da shi ke nan. Kafin ya warke, kwanakin gwaji sun cika bai taɓa komai ba, malama ta ce ba ta taɓa samun mai gadi mai natsuwa irinsa ba, ta riƙe shi. Yana can har yau yana hararar kumfa, ita ma tana zuwa in ta ga dama. In ka tambaye shi ko ruwan nan ya tafasa, sai ya ce a tambayi ruwan.