Dabinona a Ragar Belfast

Riyad

Ana kiran assalatu na bar unguwar Gubaira, direba na ta “yalla, yalla” kamar shi zai hau jirgin. Ijaza, wato hutu, na mako guda asibitinmu ya ba ni. Ƙanwata Hadiza ta yi haihuwar fari a Belfast, mijinta kullum yana wurin aiki, ba ta da kowa. Niyyata ɗaya ce, kafin in dawo in damƙa ta a hannun wata maƙwabciya.

Belfast

Duk mai zuwa garin nan ya riƙo laima, ya kuma riƙe hannunsa. Bayan gidan Hadiza wata katanga ce ta fi bene tsawo, an ɗora mata raga.

“Kurkuku ne?”

“Maƙwabta ne, Yaya. Nan Kirista, can Kirista, amma sun daɗe ba sa ga maciji.”

Layinsu duk ɗalibai ne, ko gaisuwa ba su iya ba. Sai na ji tarin tsohuwa ta bayan katangar. Na ƙulle dabino a leda, na yi bisimilla, na wurga mata. Ya maƙale a raga.

“Innalillahi! Yaya, saboda jifa fa aka sa ragar nan!”

’Yan sanda biyu suka zo, suka tsaya cikin ruwa suna kallon dabinona. Wallahi na ji kunya.

Ƙauye

Muka fita neman ragon suna. Tumaki ko’ina, kowace da fenti a gadon baya. Wani manomi ya ba mu shayi, ya rantse ragonsa ba zai shiga tasi ba sai da takardu. Rago ma da iƙama! Kada ku wahalar da kanku, ku je wurin mahaucin halal cikin gari.

Bayan katanga

Da naman suna na hau tasi, muka zagaye unguwa, muka bi ta wata ƙofar ƙarfe da ake kullewa da yamma, don in isa gidan da nake jin tarin mai shi.

“Ke ce mai jifa?” in ji tsohuwar. “Gaya wa uwar yaron ciwon ciki ke sa shi kuka. Ni ma ya hana ni barci.”

Na ce, “Iya, gobe zan tafi, ki zo ki duba mini ita.”

“’Yata, tunda aka kafa ƙofar nan ban taɓa bi ta cikinta ba.”

Haka na ajiye mata naman na fito. A jirgi kuka na yi ta yi.

Gida

Na sauka lafiya, alhamdu lillahi, na gode wa duk wanda ya yi mini addu’a. Ina kwance kaya Hadiza ta kira.

“Yaya, tsohuwar ta zo. Wai minti biyar za ta yi, tana jijjiga yaron aka kulle ƙofar. Yanzu dole ta kwana.”

“To ke fa?”

“Barci zan yi, Yaya. Kashe wayar.”