Chabela Ba Ta Son Fenti

Don Crescencio mai fentin kwalekwale ne a Xochimilco, wata unguwa mai hanyoyin ruwa, kuma tun da ya fara riƙe buroshi bai taɓa ganin fili ya bar shi lafiya ba. Jiragen 'yan yawon shaƙatawa ya cika su da furanni da sunayen mata. A gida kuwa ƙofa, firji, har bokitin banɗaki, ba wanda ya tsira. Matarsa Doña Eufemia ta ce ita ma don tana motsi ne bai fente ta ba.

Yana yaro, wasu halittu da ake kira aholote sun cika ruwan unguwarsu, da hannu ake kamo su. Yanzu sai dai a zane, abin kuwa na ci masa rai. Da tsufa ya zo sai ya je wurin masu kiwonsu ya sayo guda: 'yar halittar ruwa mai kama da ƙadangare, da jan geza a gefen kai, baki kullum cikin murmushi. Ya sa mata suna Chabela. Aka ce masa ai namiji ne, ya ce jirgi ma ba a tambayarsa kafin a sa masa sunan mace.

Ya shirya mata gida na kece raini. Akwatin gilashi, tsakuwa kala-kala, fitilu masu walƙiya, har da ɗan kwalekwale ɗauke da sunanta ɓaro-ɓaro. Ya ɗora da ruwan ɗumi, wai baƙo ba ya wanka da ruwan sanyi a gidansa.

Chabela ta daina cin tana. Gezar ta lanƙwashe, ta rame.

"Tsoho, kashe ta fa kake yi," in ji Eufemia.

"Kashewa? Dubi yadda take murmushi!"

"Kai ma dai! Haka bakinta yake. Ko a tukunya murmushin za ta yi."

"To me ta rasa? Ko makaɗa zan ɗauko mata?"

"Ɗauko su, su haɗa da na jana'iza."

Nan tsoro ya kama shi na gaske. Ya koma wurin mai kiwon, aka wanke shi tas: ruwan sanyi take so da duhu, tsakuwa haɗiyewa take yi, fenti kuwa ko ɗigo.

Ya kwashe komai yana nishi kamar ana cire masa haƙori. Fasasshiyar tukunya kawai ya bar mata ta ɓuya, ita ma sai da Eufemia ta ƙwace buroshi.

Ana nan, wata safiya Chabela ta leƙo, ta zuƙe tana kamar taliya. Crescencio ya durƙusa yana kallon ruwan nan mai duhu, mai sanyi, ba ado ko ɗaya, sai ya gane shi. Irinsa ne ya riƙa tsoma ƙafa a ciki yana yaro, kafin jirage masu fenti su cika shi. Hawaye suka zubo masa.

Eufemia ta dafa kafaɗarsa.

"Matsa baya, tsoho. Kar su ɗiga mata, da ɗuminsu."